Sake fasalin tsakiyar birnin Makka

Tsakiyar Makka ita ce yankin da ya kewaye Masallacin Harami, wanda mutanen gari ke kira Markaziyya. Tun daga 1955 ake rushe unguwannin wannan yanki ana sake gina su, domin faɗaɗa masallacin da samar wa mahajjata masauki. Makka kwari ce tsakanin duwatsu, ba ta da filin da za a buɗe. Saboda haka duk sabon gini sai dai ya hau kan gidan wani, ko a fasa dutse.

Faɗaɗa Harami

Aikin farko ya soma a 1955, zamanin Sarki Sa'ud. Kafin nan hanyar Safa da Marwa titi ce mai shaguna, mai sa'ayi yana gogayya da masu ciniki. Wannan aiki ne ya shigar da ita cikin masallaci, aka yi mata bene. Sarki Fahad ya aza harsashin faɗaɗawa ta biyu a 1988 ta ɓangaren yamma. Ta uku, wadda ta fi su girma, Sarki Abdullahi ya ƙaddamar da ita a 2011 ta arewa, bayan an kwashe unguwar Shamiyya.

Dogayen benaye

A 2002 aka rushe ganuwar Ajyad, wadda Turkawan Usmaniyya suka gina a ƙarni na 18, aka baje dutsen da take kai. Turkiyya ta nuna ɓacin ranta ƙwarai. A gurbinta aka tayar da Abraj Al-Bait, dogayen gine-gine bakwai da aka kammala a 2012. Na tsakiyarsu shi ne mai agogo, tsayinsa mita 601, kuma ginin waƙafi ne na Harami. Ta yamma kuma otal-otal ɗin Jabal Umar sun hau inda da gidajen haya ne masu sauƙin kuɗi. Akwai kuma aikin Masar, babbar hanya mai tsawon fiye da kilomita uku da rabi, da ta taso daga wajen tashar jirgin ƙasa ta Rusaifa ta nufi Harami.

Hausawan Makka

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Tun zamanin tafiyar ƙasa, alhazai daga ƙasar Hausa da Barno suke ratsa Sudan su ƙetare Bahar Maliya, wasu su zauna ba su komo ba. Zuriyarsu ce ake kira Takari, kuma da yawansu 'yan ƙasa ne masu ɗauke da sunan Hausawi. Sun yi kaka-gida a Jarwal, Misfala, Hindawiyya, Tandabawi da Shara Mansur. Duk alhajin da ya shiga Shara Mansur da yamma ya san hayaƙin tsire a bakin lungu, da mata masu kwanon tuwo suna kiran ciniki da Hausa. Hanyar Masar ta ratsa wasu daga cikin waɗannan unguwanni, waɗanda hukuma ke lissafawa cikin marasa tsari.

Yadda rusau yake tafiya sananne ne: a zo a rubuta lamba da fenti a bangon gida, a ba da wa'adi, a yanke wuta da ruwa, sannan katafila ta shigo. Diyya galibi ta mai takardar mallaka ce. Ɗan haya, ko wanda aka haifa a Makka amma ba shi da shaidar ɗan ƙasa, sai dai ya ɗaure kayansa ya nemi ɗaki a bayan gari. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ciwo, domin dattijon da ya saba takawa Harami sallar asuba yanzu sai ya jira mota.

Muhawara

Hujjar hukuma mai ƙarfi ce. Cunkoso ya sha cin rayuka a aikin Hajji, kuma shirin 2030 na ƙasar Saudiyya yana son karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara, adadin da tsofaffin lunguna ba za su ɗauka ba. Masu suka kuwa suna kukan gine-ginen tarihi da suka salwanta, da yadda kusanci da Ka'aba ya koma gwargwadon aljihu. Alhazan Najeriya da Nijar masu kujerar talaka galibi a can cikin Misfala ake sauke su, su taka ta titin Ibrahim Khalil ko su hau bas zuwa masallaci.