Waiwaye: kansar jini a jikin tsofaffi, ina aka kwana

Kansar jinin nan da likitocinmu ke rubuta wa LAL a takarda, wadda ɓargo ke ta zubo ɗanyun fararen ƙwayoyin jini har su hana masu kyau wuri, an fi saninta a jikin yara, kuma maganinta ma a kan yara aka koyo shi. A 1948 Sidney Farber a Boston ta Amurka ya ba wasu yara wani magani mai suna aminopterin, cutar ta lafa ta sake dawowa, daga nan aka dinga haɗa magunguna da yawa lokaci guda, yau a ƙasashen masu hali wajen yaro 9 cikin 10 na warkewa.

To dattijo mai shekara 60 da ɗoriya fa? Nan gizo ke saƙa. Shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, wanda yaro zai sha ya miƙe, tsoho in an ɗura mai, cikin magungunan nan asparaginase ta taɓa hanta, vincristine ta kashe mai tafin ƙafa har takalmi ya suɓuce bai ji ba, kortizon ya tada suga, ga tansiyo, wato hawan jini, dama yana fama. A rage magani cuta ta dawo, a ƙara jiki ya kasa, shekaru da yawa haka aka yi ta yi, ko 1 cikin 5 ba sa kai shekara biyar.

Sauƙin ya biyo ta wata hanya daban. Tun 1960 aka gano wani lahani a ƙwayar halitta a birnin Filadelfiya, ana kiran shi da sunan garin, ashe tsofaffi masu LAL kusan rabinsu na ɗauke da shi. Da imatinib ya fito a 2001, ƙwaya ce ta haɗiya kawai, sai wannan rukunin masu lahanin, da aka fi tsoro, ya zama mai dama-dama. Sai wasu sabbin magunguna, blinatumomab a 2014, inotuzumab a 2017, har likitocin Italiya suka nuna a 2020 ana iya kwantar da cutar a jikin masu wannan lahani da dasatinib, wata ƙwaya irin imatinib, da blinatumomab kusan ba shimiyo.

Mu nan Damagaram gaskiya ba mu kai wannan matakin ba tukuna. Tsoho ya ɗashe, dasashi na jini, zazzaɓi ya ƙi sauka, a ce palu ne, wato maleriya, a yi ƙarin jini leda biyu a koma gida. Kafin a kai ga awon ɓargo an sai da tumaki, sannan a fara shawarar Yamai ko Kano, alhali awon Filadelfiyan nan shi zai faɗi ko ƙwaya za ta yi mai aiki.