Gudun Daidaita Filasha a Kyamarar Fim

Gudun daidaita filasha shi ne iyakar saurin da labulen kyamara zai iya yi alhali fuskar fim tana buɗe gaba ɗaya a lokacin da filasha ta haska. A kan yawancin tsofaffin kyamarori an yi masa alama da harafin X, ko a rubuta lambarsa da wani launi dabam.

Yadda yake aiki

Kyamarori irin su Pentax K1000 suna da labule biyu a gaban fim, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo shi ya rufe. Idan gudun ya yi yawa, na biyun yakan taso tun na farko bai kai ƙarshe ba, sai 'yar tsaga kawai ke ratsa fim ɗin. Hasken filasha kuwa bai cika wuce 1/1000 na sakan ba, don haka inda tsagar take kaɗai zai samu. Sai an wanko hoton a ga gefe guda ya yi duhu.

Tarihi

Kwan filasha mai ƙonewa sau ɗaya ya shiga kasuwa a Jamus wajajen 1929. Da yake yakan ɗan jinkirta kafin haskensa ya cika, an ware masa alamun M da FP. Filashar lantarki, wadda Harold Edgerton ya yi fice wajen bunƙasa ta a Amurka tun farkon shekarun 1930, ba ta jira, ita ce mai X.

Labulen ƙyalle mai tafiya a kwance ya daɗe da gudun daidaitawa na 1/50 ko 1/60 na sakan. Leica M3 ta 1954 tana da 1/50. Labulen ƙarfe na kamfanin Copal mai tafiya daga sama zuwa ƙasa, wanda ya fito wajajen 1960, ya kai 1/125, saboda tsayin fuskar fim na milimita 24 yake ratsawa maimakon faɗinta na milimita 36. Nikon FM2 ta 1982 ta kai 1/200, FE2 ta 1983 kuma 1/250. Kyamarori masu labule cikin lensi, kamar Rolleiflex da Hasselblad 500C, ba ruwansu da wannan matsala, suna daidaita har 1/500.

A cikin rana

A Kano, rana tsaka takan jefa inuwar rawani ko malafa a kan fuska, idanu su ɓace, don haka mai hoto kan kunna filasha ya cike inuwar. Nan iyakar ke cizo. Da fim mai ISO 100 (ma'aunin saurin kama haske na fim) da gudun 1/60, dole a tsuke ƙofar lensi zuwa wajen f/22, wato 'yar ƙaramar kafa, kuma filasha mai lambar ƙarfi 32 (lambar da ake rabawa da lambar f a samu nisa a mita) cikakken haskenta ba zai wuce kimanin mita ɗaya da rabi ba. Ta isa hoton ango da abokinsa a ƙofar gida, amma ba za ta kai ga mahayi a Ƙofar Kudu ranar hawan Sallah ba, balle 1/60 ya tsayar da doki a guje.

An saɓa kan yawan hasken cikon: wasu na rage shi da mataki ɗaya, wato zuwa rabi, wasu biyu.