Waiwaye: Yadda Harshe da Lambar Waya Suka Zama Hujja a Kotu

Muhawara a kan dokokin kasuwancin intanet ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa an ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa kayan da suka fi ƙarfinsu, domin mai sayar da haja daga cikin ɗakinsa ba shi da kuɗin lauya. Wasu kuma na cewa ai mai saye ma yana da haƙƙi, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutane da bayanansu dole ya san abin da ya hau kansa. Dukkansu sukan fara lissafi daga watan Mayun 2018, lokacin da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki da tarar da ka iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Amma zancen ya samo asali tun kafin nan.

A shekarun 1990 gwamnatoci sun fi damuwa da kada su shaƙe sabuwar sana'ar tun tana rarrafe. A 1996 Amurka ta kafa dokar da ta sauke wa masu shafuka alhakin mafi yawan abin da wasu suka wallafa a kai. A 1998 ta ƙara da dokar haƙƙin mallaka, wadda ta ce idan an kai maka ƙorafi ka sauke abin, ka tsira. Turai ta fito da nata tsarin a 2000. Da yawa sun fita daga wannan zamani da tunanin cewa intanet fili ne marar iyaka, kowa dokar ƙasarsa ce kaɗai ke binsa.

Abin da ya rushe wannan tunani bai ja hankalin jama'a sosai ba. Ranar 7 ga Disamba 2010 Kotun Tarayyar Turai da ke Luksambur ta yanke hukunci a kan wasu ƙananan ƙararraki biyu da aka haɗa wuri guda. Na farko, wani mazaunin Ostiriya ya biya wani kamfanin Jamus kuɗin tafiya a jirgin ruwan dakon kaya daga Tiriyeste ta Italiya zuwa Gabas Mai Nisa. Ya ce abin da ya tarar ya saɓa da abin da aka kwatanta masa, ya fasa tafiya, ya nemi kuɗinsa a kotun ƙasarsa. Na biyu, wani mazaunin Jamus ya ga shafin wani otal a Ostiriya, ya kama ɗakuna ta imel, daga baya ya tafi bai biya ba yana ƙorafi a kan hidimar da aka yi masa. Otal ɗin ya kai shi ƙara a Ostiriya, shi kuma ya ce sai dai a biyo shi Jamus.

Tambayar ita ce: yaushe za a ce ɗan kasuwa ya nufi wata ƙasa da kasuwancinsa? Dokar Turai ta riga ta ce idan ya nufe ta, mai saye da ke zaune a can na iya kai ɗan kasuwar ƙara a kotun ƙasar, kuma shi mai sayen a gidansa kaɗai za a kai shi ƙara. Kotun ta ce don ana iya buɗe shafinka a wata ƙasa, wannan bai isa ba. Sai ta lissafa alamomin da alƙali zai duba: shin shafin na amfani da wani harshe ko wani kuɗi da ba na ƙasar mai shi ba? An rubuta lambar waya da lambar kiran ƙasa da ƙasa? An biya kuɗin talla don mutanen wata ƙasa su riƙa ganin shafin idan sun yi bincike? Adireshin shafin ya ƙare da harufan wata ƙasa? An yi kwatancen hanya daga ƙetare, ko an baje yabon abokan ciniki na ƙasashe daban-daban?

Duba jerin nan da kyau. Babu ɗaya a ciki da ɗan kasuwa ke ɗauka a matsayin maganar shari'a. Shawarwari ne da mai tsara shafi ko mai talla ke yankewa cikin minti biyar: a ƙara maɓallin Faransanci, a nuna farashi da Yuro don a sauƙaƙa wa baƙi, a liƙa saƙon godiyar wata mai saye daga ƙetare. Kowannensu na iya zama shaidar da za ta ja mutum zuwa kotun ƙasar da bai taɓa takawa ba. A ganina nan ne tushen matsalar yake: an sauƙaƙa buɗe shago ga duniya har ya zama danna maɓalli, alhali nauyin da ke bin dannawar bai ragu ba ko kaɗan.

Da dokar kare bayanai ta zo, ma'auni mai kama da wannan ta ɗauka wajen kama kamfanonin da ba su da ofis a Turai: harshe, kuɗi, da ambaton abokan ciniki na can. A watan Yunin 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta bi hanya mai kama da haka a fannin haraji, inda ta ce jiha na iya tilasta wa mai sayarwa ta intanet karɓar harajin ciniki ko da ba shi da shago ko ma'aikaci a cikinta. Dokar jihar da aka yi shari'ar a kanta ta sa iyakar a cinikin dala 100,000 ko ciniki 200 a shekara.

Shi ya sa kwafo sharuɗɗan ciniki daga shafin wani ba ya fitar da mutum. Ko ka rubuta cewa dokar ƙasarka ce za ta yi hukunci, hakan ba zai hana mai saye a Turai kariyar da dokar gidansa ta ba shi ba, kamar damar fasa cinikin yawancin kaya cikin kwana 14 ba tare da ya ba da dalili ba. Lauyan da ya san fannin, kafin ya rubuta komai, shafin zai fara buɗewa ya ga ƙasashen da aka jera a wurin aika kaya, da kuɗin da ake karɓa, da inda tallan ke sauka, da irin bayanan da fom ke nema. Wani lokaci shawararsa ba ta wuce a cire ƙasashe biyu daga jerin har sai an shirya musu.