Zane da Yatsa a Gidan Raino: Tambayoyin Iyaye da Masu Raino

Duk macen da ke karɓar 'ya'yan maƙwabta da na ma'aikata tana rainonsu a gidanta ta san lokacin da ya fi wuya: daga hantsi zuwa azahar, an ci an ƙoshi, barci bai zo ba, ƙiriniya ta tashi. A nan ne hannu ke saurin kai wa ga waya ko talabijin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawararta ta 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Zane da yatsa na cikin abubuwan da ke cike wannan giɓi ba tare da kashe kuɗi ba.

Mene ne zane da yatsa?

A ba yaro launi mai kaurin koko, ya tsoma hannu ya shafa a takarda, kwali ko faranti yadda ya ga dama. Yaranmu sun daɗe suna yin haka da taɓo bayan an ɗauke ruwa. Wadda ta yi suna wajen shigar da shi aji ita ce Ruth Faison Shaw, malama ba'amurkiya mai makaranta a birnin Rum na Italiya, wadda a wajajen 1930 ta haɗa launin da ba ya cutar da yara.

Wannan ba jagwalgwalo da ɓata jiki ba ne kawai?

Jagwalgwalo ne, kuma a cikinsa amfanin yake. Yaro yana fara sarrafa kafaɗa da damtse kafin wuyan hannu, wuyan hannu kafin yatsu. Ɗan wata 18 da ke sharɓa launi da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, hanyar riƙe alƙalami ya kama, ko da yake da sauran tafiya. Yawancin yara suna kwaikwayon layi a tsaye a wajen shekara 2, da'ira a shekara 3, gicciye a shekara 4. Rhoda Kellogg, wadda ta yi aiki da ƙananan yara a San Francisco, ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya, ta kuma gano salo 20 na asali a cikin abin da mu manya muke kira shirme. Daga waɗannan ɗigo da lanƙwasa haruffa suke fitowa daga baya, na boko da na allo.

Akwai kuma harshe. Mai raino tana zaune tana cewa "ja ne", "sanyi gare shi", "ya yi santsi", yaro yana jin kalmar a daidai lokacin da abin yake a fatarsa. Shi ya sa yake damuna in na ga an kama hannun ɗan shekara 2 ana tilasta masa rubuta ABCD, alhali yatsun ba su ƙosa ba.

Da me za a haɗa launin?

Ki ɗauka duk abin da ya taɓa hannunsa zai kai baki, saboda haka daga kicin za a fara. Gwangwanin madara ɗaya na sitacin masara ko fulawa, ruwa gwangwani huɗu, a dama a ɗora a wuta kamar talge har ya yi kauri, a bar shi ya huce sarai. Ragowar kamu ma yana yi. Dafawar dole ce, domin ɗanyen gari kan ɗauki ƙwayoyin cutar gudawa.

Sai a raba a ƙananan robobi. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ja, kurkum rawaya, dafaffen ganyen zogale ko alayyahu da aka niƙa aka tace kuma kore. Ga 'yan shekara 3 akwai abin da ke sa su ihun murna: a ɗiga ruwan kanwa kaɗan a cikin zoɓon, nan take ya juye ya yi duhu-duhu mai ratsin shuɗi da kore, a matsa lemon tsami ya dawo ja. Kada a sa sukari, don in ya yi daɗi zane ya ƙare, an koma ci, ga ƙuda da kiyashi. A dama na yini ɗaya kawai, abin da ya kwana a zubar. Kurkum yana kama tufafi, a san da wannan.

Me bai kamata ya kusanci yaran ba?

Fentin gini ko na mota, ko da ragowar gwangwani ne, domin wasu na ɗauke da dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a Zamfara. Can daga haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kwalli ma wani yana da ita. Baƙin lalle na kanti yana iya ƙona fata, jan lallen kansa kuma yana iya farfasa jinin jaririn da aka haifa da wata larurar jini ta gado, don haka a bar lalle wa manya. Duwatsun ado, maɓalli, wake da gyaɗa ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne, saboda shaƙewa. Bokitin wanke hannu kuma a zubar da ruwansa da an gama, domin yaro mai tatata yana iya faɗawa da ka ya kasa fitowa. Kafin ranar farko a tambayi kowace uwa ko akwai abincin da jikin ɗanta ba ya karɓa.

Ni kaɗai ce da yara biyar, yaya zan yi?

Biyu-biyu ko uku-uku, a inuwar tsakar gida, a kan buhu ko leda, daga su sai wando ko tsohuwar riga. Minti 10 ya isa, kuma ya fi kyau dab da wanka. In babu takarda, babban farantin silba ya wadatar: a shafa, a goge, a sake. Wata rana a canza, a yanka kuɓewa a tsoma a dinga bugawa, ko a ba su alli su zana a daɓe, ko soso da ruwa zalla a jikin bango.

Yaron da ya ƙi taɓawa fa?

A ƙyale shi ya yi kallo. A ba shi ludayi ko ɗan soso. Wasu sai a karo na huɗu suke tsoma yatsa ɗaya.

Wasu iyaye na tsoron zanen abu mai rai.

Ɗan shekara 2 layi da ɗigo da curi yake yi, bai kai ga siffa ba. In sun tasa, ga adon da muka gada: dagi, zanen ƙwarya, aikin hula, da na bangon gidajen Kano da Zariya da Damagaram. Abin da ya wuce haka, iyaye su tambayi malaminsu, mai raino kuma ta bi abin da suka ce.

Me zan ce in ya kawo mini abin da ya yi?

Kada ki tambaye shi "mene ne wannan?", domin sau da yawa ba wani abu ya nufa ba, kuma kada ki gyara masa. Ki faɗi abin da kika gani: "Ka cika nan da ja, ga yatsunka biyar sun fito." Ki shanya a igiya, ki rubuta sunansa da kwanan wata a baya. Da la'asar in uwar ta zo ɗauka, ki miƙa mata ki ce, "Maman yara, ajiye wannan, bayan wata uku zan ba ki wani ki haɗa su ki gani."