Yanka fili a Amurka: yaushe ake sassauta dokar bakin titi?

A jihar Washington da ke Amurka, mai fili ba zai wayi gari ya ja igiya ya yanka fulotai ya sayar ba. Sashe na 58.17 na kundin dokokin jihar ya ce sai hukumar gari ta amince tukuna. Fuloti huɗu zuwa ƙasa ƙaramin yanka ne mai sauƙin takardu, kuma gari na iya ɗaga adadin zuwa tara. Abin da ya haura haka babban yanka ne. Kafin hukuma ta sa hannu, sai ta gamsu an tanadi tituna da magudanan ruwa, da hanyar da yara masu zuwa makaranta a ƙasa za su bi lafiya.

Daga nan sharaɗin bakin titi ya samo asali. Duk tsawon filinka da ya kalli titi, kai ne za ka gyara shi da kuɗinka: hanyar siminti ta masu tafiya a ƙasa, wadda a garuruwa da yawa takan kai ƙafa biyar ko shida, sai zirin ƙasa tsakaninta da kwalta inda ake dasa itatuwa. Wasu na ɗaukar zirin nan ado ne kawai. A'a. Shi ke nesanta yaro da tayar mota, yana shan ruwan sama, yana ba da inuwa. Wanda ya taɓa zama a unguwar awon igiya, inda katanga ke cinye hanya, ya san abin da ake gudu.

To, amma ba kowane fili ne zai ɗauki wannan awo ba. Wani gangare ne, wani rafi ya ratsa bakinsa, wani kuma tsohuwar bishiya ce tsaye daidai inda siminti zai bi. Nan ne mai fili ke rubuta takardar neman sassauci, haɗe da zanen injiniya. Akan rage faɗin zirin, ko a manna hanyar da kwalta, ko a lanƙwasa ta ta kauce wa bishiyar. Wasu garuruwa kan karɓi kuɗi a madadin aikin, ko su jinkirta shi bisa yarjejeniyar da za ta bi filin ko an sayar da shi. Kukan tsada kaɗai ba ya cika wadatarwa.

Ita ma hukuma tana da iyaka. A 1994 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar Florence Dolan da garin Tigard na jihar Oregon. Matar ta nemi faɗaɗa shagonta, gari ya ce sai ta ba da wani yanki na filinta, har da na hanyar keke da masu tafiya a ƙasa. Alƙalai biyar cikin tara suka ce dole abin da ake nema ya yi daidai da nauyin da ginin zai ɗora wa jama'a.

A ganina, sassauci ya taɓa zirin shuka idan ya zama dole, amma kada ya shafe hanyar tafiya. Fuloti ɗaya aka yafe wa, hanya ta yanke ke nan, mai keken guragu da ɗan makaranta sai su gangara cikin motoci har su wuce gidan.