Ƙungiyoyin Sa-kai Masu Koyar da Sana'a

Ƙungiyoyin sa-kai masu koyar da sana'a ƙungiyoyi ne da ba na gwamnati ba, waɗanda ba a kafa su domin neman riba ba, kuma babban aikinsu shi ne horar da marasa aikin yi da masu ƙaramin ƙarfi har su kai ga ciyar da kansu da guminsu. Kuɗin gudanar da su yakan fito ne daga gudummawar jama'a da tallafin gidauniyoyi da kwangilolin gwamnati, wani lokaci kuma daga kasuwancin da ita kanta ƙungiyar ke yi, kuma duk rarar da aka samu cikin aikin ake mayar da ita. Daga cikin waɗanda suka fi amfana da su akwai mata masu renon 'ya'ya su kaɗai, da masu buƙata ta musamman, da 'yan gudun hijira, da mutanen da suka gama zaman gidan yari.

Ɗaya daga cikin tsofaffin misalai ita ce Goodwill, wadda wani limamin coci mai suna Edgar Helms ya kafa a birnin Boston na Amurka a shekarar 1902. Helms ya riƙa tattara tsofaffin tufafi da kayan gida daga unguwannin masu hali, ya ɗauki talakawa aikin gyara su, sannan a sayar da kayan a biya masu gyaran lada daga cinikin, ta yadda mutum ke koyon sana'a yana kuma samun abin kai wa bakin salati. A Faransa ma ƙungiyar Emmaus, wadda wani limamin coci mai suna Abbé Pierre ya kafa a 1949, ta bi kusan wannan tafarki wajen taimakon marasa matsuguni.

Abin da ya bambanta waɗannan ƙungiyoyi da makarantun sana'a na yau da kullum shi ne ɗawainiyar da suke haɗawa da horon. Mace mai goyo da ba ta da wanda za ta bar wa yara, ko saurayin da ba shi da kuɗin mota, ko wanda masu ɗaukar aiki ke gudunsa saboda tarihin ɗauri, duk suna iya yin watsi da horo tun ba a je ko'ina ba, komai ingancin malamai. Saboda haka ƙungiyoyin da suka san aikinsu sukan tanadi wurin renon yara da kuɗin sufuri da darasin tattalin kuɗi, su nema wa ɗalibi gurbin aiki ko jari, kana su ci gaba da bibiyarsa bayan ya kammala. Wannan bibiya tana cin kuɗi da lokaci sosai.

Ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a Bangladesh a 1972, ta tsara wannan fahimta cikin wani shiri da ta fara a 2002 domin waɗanda talauci ya yi wa katutu. A cikin kimanin shekara biyu, ana bai wa iyali kadarar da za ta riƙa kawo kuɗi, kamar saniya ko awaki, tare da horo kan kiwonsu, da ɗan alawus na abinci domin kada yunwa ta tilasta musu sayar da dabbar, da ƙarfafa musu gwiwar yin ajiya, da ziyarar jami'i a kai a kai. Wani bincike da masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Science a 2015 ya gwada tsarin a ƙasashen Habasha da Ghana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, inda aka ga cewa iyalan da suka shiga shirin sun samu ƙarin abinci da kadara, kuma cigaban ya ɗore shekara guda bayan an janye tallafin. A Honduras ne sakamakon ya yi rauni, domin yawancin iyalan kaji aka ba su, kuma cuta ta kashe da yawa daga cikin kajin.