Wai open source ɗin nan, da gaske ba ta da mai ita?

Tunda aka shiga yayin AI ɗin nan duk inda ka juya sai ka ji open source. Kwanaki na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana fassara ta da "manhajar kyauta wadda ba ta da mai ita", har sau uku ya faɗa, baƙon da ya gayyato kuma bai ce masa uffan ba. Maganar kyautar ban damu da ita sosai ba, wannan "ba ta da mai ita" ɗin ne ya tsaya min a rai.

Tana da mai ita mana. Duk wanda ya rubuta abu, kod ne (rubutun da ake gina manhaja da shi) ko bayani, haƙƙin mallaka nasa ne tun daga ranar da ya rubuta. Abin da ke sa a kira manhaja open source lasisi ne, wato mai abu ya ce na yarda ka duba cikinta, ka gyara, ka raba wa wasu, har ka sayar in ka ga dama, amma fa ga sharuɗɗana. Kalmar ma sai 1998 aka fito da ita, kuma cikin dalilan har da yadda free ta Turanci ke rikita mutane, kyauta take nufi ko 'yanci. Shi ya sa LibreOffice, manhajar ayyukan ofis irin su rubutu da lissafi, ta ɗauko libre, wadda a Faransanci da Sifaniyanci 'yantacce take nufi, ba ruwanta da kuɗi.

Tunda na ambaci LibreOffice bari in tsaya a kanta, don labarinta ya fi kowane dogon bayani. Asalinta StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus, Sun Microsystems ya saye shi a 1999, ya saki kod ɗin a 2000 da sunan OpenOffice.org. Oracle ya haɗiye Sun a 2010, masu sa kai da yawa hankalinsu bai kwanta ba suka ɓalle suka kafa The Document Foundation, nan aka haifi LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache. To ga 'yan gida ɗaya, amma lasisi ya raba musu hanya: na Apache sassauƙa ne, kowa na iya ɗauka ya sa a nasa, don haka LibreOffice na iya kwasar gyaran da aka yi a OpenOffice, amma OpenOffice ba ta da damar kwaso na LibreOffice haka kawai, saboda lasisin LibreOffice yana da sharaɗin duk fayil ɗin da ka gyara ka sake shi a kan ƙa'idar da ka same shi. Dukansu open source ne fa, amma ruwan gefe ɗaya yake gangara. In da ba mai ita wa zai hana?

Abin da ya fi ban haushi ma shi ne ɓangaren littattafan jagora, waɗanda ba wanda ke tunawa da su sai ya maƙale a Calc, ɓangaren lissafi na LibreOffice, da tsakar dare. Buɗe jagorar LibreOffice ka duba shafin farko, kafin a ce maka danna nan danna can za ka ga jerin sunaye, waɗannan su ne masu littafin, mutanen da suka zauna ba ko sisi suna gwada kowane maɓalli, suna ɗaukar hoton allo, sabuwar siga ta fito menu ya sauya wuri su sake ɗauka daga farko. A ƙasa kuma an rubuta za ka iya rabawa ko gyarawa ƙarƙashin lasisin GPL ko na Creative Commons Attribution. Wato littafin lasisinsa daban, manhajar nata daban. Kamfani in zai yi kyauta abin da ya mallaka kaɗai zai bayar, babin da wata baiwar Allah ta rubuta a hutun ƙarshen mako yana nan nata, kuma in ana son sauya masa lasisi sai an nemo ta ta amince, ita da duk wanda hannunsa ya taɓa babin, wani ya sauya imel, wani ya daɗe da barin harkar, wani ma Allah ya yi masa rasuwa. In ba a same su ba sai dai a sake rubutawa.

Sai ka ga mutum ya fassara jagorar nan, abin kirki ne kuma an yarda, ya buga ya sayar, shi ma an yarda, sannan ya goge sunayen ya liƙa nasa shi kaɗai, in ka yi magana ya ce ai open source ce. A'a malam, nan ne ka taka doka, Attribution ɗin nan ambaton mai abu yake nufi. Ni a ganina ma wannan ya fi satar kod ciwo, don su masu rubuta jagora sunan nan shi ne kaɗai ladansu.

Su ma manyan kamfanoni ba su tsira ba, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, na kiran manhajarsa ta AI mai suna Llama open source alhali lasisinta ya ce duk mai masu amfani sama da miliyan 700 a wata sai ya nemi izini na musamman, kuma Open Source Initiative, ƙungiyar da ke riƙe da ma'anar kalmar tun 1998, ta fito ta ce wannan bai cika sharaɗi ba.